Makonni Shida Ina Jinyar Kyanwar Inna Mai Jan Gindi

Na daɗe ina ja da baya kafin in rubuta wannan labari, domin na san abin da za a ce. Za a ce mutum ya kai shekara hamsin, yana zaune a jihar da jama'a ke da abin kuka na gaske, amma ya rasa abin da zai cika takarda da shi sai duburar kyanwa. Ban musa ba. Sai dai na ga yadda ciwon da ya kamata a gama da shi a yini ɗaya ya cinye mana makonni shida, ya kusa raba tsohuwa da abokiyar zamanta, kuma mafi yawan laifin nawa ne. Na rubuta ne don kada wani ya bi hanyar da na bi.

Ni mazaunin Gusau ne, mataimakin shugaba a wata makarantar sakandare. Mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna, tana gidanmu na gado a Bungudu, tare da yayana Alhaji Sanusi, ɗan kasuwar hatsi. Shekara huɗu ke nan da rasuwar mahaifinmu. A daminar shekarar da ya rasu wata mage ta haihu a ƙarƙashin rumbu, 'ya'yan suka watse, ɗaya ta maƙale wa Inna. Ta raɗa mata suna Tarumbu. Idanun Inna sun yi yana, gwiwoyinta sun gaji, ba ta fita ko'ina. Da Tarumbu take hira, ita ke kwana a ƙafafunta, a kan tsohon buzun Baba wanda Inna ke salla a kansa.

A makon farko ni da kaina na ga abin, ranar wata Asabar da na je gaisuwa. Tarumbu ta zo tsakar ɗaki ta zauna, ta ɗaga ƙafafun baya sama, ta dafa ƙasa da na gaba, ta ja gindinta tun daga bakin gado har bakin ƙofa, kamar yaron da bai fara rarrafe ba. Na yi dariya har da hawaye. Inna ta tambaye ni abin dariya, na gaya mata, sai ta ce, "Kwana uku ke nan ina jin mussar ga tana shara da jikinta. Ba dariya ta ba ni ba." Na ce wasa ne irin na dabba. Na koma Gusau ban sake tuna zancen ba.

Wanda bai ɗauke shi wasa ba shi ne Yaya Sanusi. Shi ya lura cewa a kan buzu ta fi yi, saboda gashin yana sosa mata, kuma tana barin wani ɗan layi baƙi-baƙi mai wari kamar ruɓaɓɓen kifi. Ya kira ni a waya.

"Garba, mussar ga ta lalace. Wurin sallar Inna take shafa wa najasa. Ranar kasuwar Tsafe zan sa ta buhu in tafi da ita."

Wanda bai san al'adarmu ba ba zai gane nauyin wannan magana ba. A wajenmu ba a kashe kyanwa, kowa na tsoron alhakinta. Idan an gaji da ita, sai a ɗaure ta a buhu don kada ta ga hanya, a kai ta gari mai nisa a kwance bakin buhun a bayan rumfunan mahauta, a ce an bar ta ga Allah. Na roƙe shi ya dakata in duba. Ya ce ya ba ni lokaci, amma buhun yana nan rataye a zaure.

A mako na biyu Gwaggo Hure, ƙanwar mahaifinmu, ta zo daga Kwatarkwashi kwana biyu. Kallo ɗaya ta yi wa Tarumbu ta yanke hukunci.

"Basir ne. Wa ka ba ta zaƙi?"

Inna ta amsa a hankali cewa takan rage mata ɗan kunu da safe.

"Da sukari?"

"Ɗan kaɗan."

"To, kun ji. Mutum ma in ya sha zaƙi haka shi kan yi, kunya ce ka hana shi ja a gaban jama'a."

Mu dai duk abin da ya taɓa wannan wuri basir ne a wurinmu, ko ga jariri ko ga tsoho, yanzu kuma har ga dabba. Gwaggo ta jiƙa bagaruwa a ruwan ɗumi, ta sa aka riƙe kyanwa aka tsoma mazaunanta a roba. Wannan da sauƙi. Da aka fito da ita sai ta lakato man zafi, irin wanda ake shafa wa ciwon baya, ta shafa mata. An ce da tsalle biyu Tarumbu ta kai ƙololuwar rumbu, ta yini a can tana kuka, Gwaggo kuwa tana cewa magani ne ke aiki. Da labarin ya iso mini na yi faɗa sosai. Na ce wannan jahilci ne, na kuma faɗi haka a gaban matata da murya irin ta wanda ya yi jami'a.

A mako na uku na nuna nawa ilimin. Na je Bungudu na ɗaga wutsiyar Tarumbu, na ga wasu 'yan fararen abubuwa kamar tsabar shinkafa sun manne a gashin wurin. Na ce ai magana ta ƙare, tsutsar ciki ce. Na shiga kemis na ce a ba ni maganin tsutsa na ruwa. Mai kemis ya tambayi shekarun mara lafiya. Na ce huɗu. Ya ce mace ko namiji. Na ce mace. Ban yi ƙarya ba, ban kuma faɗi gaskiya ba. Na naɗe ta a zani na ɗura mata da cokali. Rabi ya shiga, rabi ya dawo kumfa, na tashi da yakushi tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu. Bayan kwana huɗu tana nan tana ja, har ta fi da.

Na sha tambayar kaina abin da ya hana ni kai ta wurin likitan dabbobi tun a lokacin, alhali kullum ina wuce ƙofar wani a hanyata ta zuwa aiki. Ba rashin sani ba ne, ba kuma rashin hali ba. Kunya ce. Na kasa ɗaukar hoton kaina a kai, da furfurata da babbar riga, ina rungume da kyanwa a cikin layi, ɗalibaina suna wucewa. Gwaggo aƙalla ta yi nata kuskuren da zuciya ɗaya.

A ƙarshen wannan makon ne na gano abin da ya fi komai ɓata mini rai. Na iso gida da hantsi na tarar da Inna tana salla a zaune. Na ɗauka walaha ce. Ta sallame ta sake tayarwa, raka'a huɗu, ta sallame ta sake. Da ta gama na tambaye ta.

"Na jiya nike ramawa," in ji ta. "Ban da tabbas a kan tsarkin wurin."

Ashe tun da abin ya fara kullum sai ta wanke buzun nan da hannunta, ta matse, ta shanya, ba ta yarda kowa ya taya ta don kada maganar ta kai zaure. Buzun ya ƙandare, gashinsa yana zuba, yatsunta sun kumbura. Na ce ai limamin unguwa ya yi mata bayani cewa inda aka ga najasa kawai ake wankewa, abin da ba a gani ba babu laifi.

Ta ce, "Ya faɗi. To idon da zai gani ɗin, kai za ka ara mini?"

Na ce to a hana kyanwar shiga ɗaki. Ta juyo da fuskarta inda muryata take. Na gane na faɗi abin da bai kamata ba.

A mako na huɗu wurin ya fashe. Tarumbu ta daina cin abinci, ta shige ƙarƙashin gado bayan kwanonin Inna, in aka taɓa bayanta sai ta yi gurnani. Da aka haska fitila aka ga rami a gefen duburarta yana fitar da jini da mugunya. Gwaggo ta aiko daga Kwatarkwashi cewa basir ne ya fashe, sauƙi ya zo. Yaya Sanusi ya sauko da buhu. Ni kuma, da yake ban gama koyon darasi ba, na sayo farasitamol na yara don in rage mata zafi. Na yi rabin sa'a a durƙushe ina zura hannu a ƙarƙashin gado, ta ƙi fitowa. Na tashi ina tsaki, na jefa kwalbar a aljihu, na ce wa Yaya ya ƙara mini mako biyu, gobe da safe zan kai ta Gusau.

Washegari Inna ce ta kira ta da irin kiran da suka saba, ta fito tana ɗingishi. Muka sa ta a kwando muka rufe da faifai muka ɗaure. Na ɗauka zan fita sai Inna ta riƙe bakin kwandon.

"Garba, asibiti za ka kai ta, ko Tsafe?"

"Asibiti, Inna."

"Kai da Alhaji ba ku haɗa baki ba?"

Tunda nake Inna ba ta taɓa zargina da yaudara ba sai ranar. Sai da na ambaci sunan Allah ta saki kwandon.

Ban yi la'akari da cewa saura kwana goma babbar salla ba. Na isa asibitin da ƙarfe takwas na tarar da fili cike da raguna. Wani ya kumbura don an cika masa dusa, wani yana tari, wani ya karye a mota. Har da bijimai biyu a gindin darbejiya. Na bi layi da kwandona, ina fatan a ɗauka kaji ne. Tarumbu ta yi kuka.

Wani mai ƙaton rago ya leƙo. "Malam, da ita za a yi layyar bana?"

Na gabansa ya ce, "Ka bar shi, tsadar raguna ce ta kai mu nan. Amma ka duba haƙoranta, Malam, in ba ta shekara ba ba ta yi."

Wani ya ce fatar ba za ta isa ko buzun jariri ba. Aka yi ta dariya, ni ma na yi ta yaƙe. Sai ga mahaifin wani ɗalibina ya zo ya durƙusa ya gaishe ni da ladabi, idonsa na kan kwando, bai tambaya ba, kuma rashin tambayar ya fi mini ciwo. Wani dattijo makiyayi daga wajen Magami ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya matsa mini a inuwa, ya ce duk mai numfashi yana jin ciwo. Ya kuma ciro 'yar kwalba daga aljihu ya ce maganin kaskar shanu ne, in ɗiga mata a baya kowane ƙwaro zai mutu. Na yi godiya na ce bari likita ta gani tukuna.

Ba a kira ni ba sai bayan azahar, domin duk wanda ya zo da rago sai a ce nasa na gaggawa ne, salla ta matso. Da na shiga kuma aka ce babu allurar da za a kwantar da kyanwa da ita, sai ta manyan dabbobi, aka rubuta mini na zagaya shaguna uku cikin rana kafin in samu. Wannan ƙorafina ne, kuma ina nan a kansa. Amma likitar, wata matashiya mai ƙarancin magana, ba ta yi mini ko murmushin raini ba. Ta ɗauki Tarumbu kamar yadda ta ɗauki ragon da ya riga mu.

Bayan ta duba ta ce, "Baba, zo ka gani." Ta nuna mini cewa kowace kyanwa tana da 'yan jakunkuna biyu a gefen dubura, ɗaya dama ɗaya hagu, kowace kamar ƙwayar wake. Wani ruwa mai wari ne a ciki, yakan fita da kansa duk lokacin da ta yi kashi mai ƙarfi. Idan kashin ya yi ta zuwa da ruwa-ruwa, kamar na kyanwar da ke rayuwa a kan kunu da madara, jakar ba ta matsuwa, ruwan sai ya daskare ya toshe. Nan ƙaiƙayi ke farawa, shi ne take ja a ƙasa. In an bari sai ya zama maruru ya fashe.

"Da kun zo a makon farko," in ji ta, "matsewa kawai zan yi da yatsa biyu, ku koma gida."

Na tambayi fararen abubuwan da na gani. Ta ce tsila ce, kuma ita ma tana sa jan gindi, a nan na yi daidai. Sai dai maganin yaran da na ba ta ba ya kashe irin wannan tsutsa. Daga ƙuma take samunta idan ta haɗiye su wajen lasar jiki, ko daga ɓerayen rumbu. Ta buɗa gashin wuyanta ta nuna mini ƙumar suna gudu. Ta tambayi abin da aka yi mata a gida, na lissafa. Ruwan ɗumin Gwaggo, in ji ta, bai yi laifi ba. Da na ambaci man zafi ta rufe ido kawai. Sai ta ce, "Ba ku dai ba ta farasitamol ba ko?"

Na ciro kwalbar daga aljihu, ba a ko buɗe ta ba.

Ta karɓa ta ajiye a can nesa da ni. "Jikin kyanwa ba ya iya narkar da wannan. Cokali ɗaya zai iya kashe ta. Da ta sha jiya, ƙila yau gawa za ka kawo mini." Na gaya mata zancen maganin kaskar shanu, ta ce shi ma haka, yakan sa su farfaɗiya su mutu. Wato a kwana biyu sau biyu aka miƙo wa Tarumbu ajali da kyakkyawar niyya, kuma abin da ya cece ta a karon farko shi ne ta fi ni wayo, ta ƙi fitowa.

Aka yi mata allura ta yi barci, aka wanke ramin, aka matse ɗaya jakar. Aka ba ta maganin tsila, aka ɗiga mata na ƙuma irin na kyanwa a ƙeya, aka ba ni na kashe ƙwayoyin cuta na kwana bakwai. Likitar ta yanka wata roba mai laushi ta naɗa mata a wuya kamar mazurari don kada ta lashi mikin. Duka abin da na biya bai kai man da na ƙona a zirga-zirgar makonni uku ba.

Mako na biyar ya tafi a jinya. Kullum in na tashi aiki sai in kama hanyar Bungudu, in juyo kafin rana ta yi sanyi, kamar yadda kowa ke yi a hanyoyinmu yanzu. Inna ta riƙe kan Tarumbu a cinyarta tana yi mata magana, ni in gasa wurin da tsumma da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, sannan a yi kokawar ɗura magani. An fitar da komai na ɗakin an share an shanya, saboda ƙwan ƙuma. An daina kunu, an koma ɗan kifi busasshe da guntun nama. Buzu kuwa likita ta ce shi ne babban gidan ƙumar, dole a raba su. Na sayo darduma mai sauƙin wanki, Inna ta shafa ta ta ce santsi gare ta kamar ledar shago, amma ta karɓa. Tarumbu ta yi ta karo da ƙafar gado da mazurarinta, matan gida suna leƙowa suna dariya.

Dole in yi wa Yaya Sanusi adalci. A lokacin na ɗauke shi mai taurin zuciya, amma shi ne yake ganin hannuwan Inna kullum, ni sai Asabar. Da wa'adin ya kusa cika ya ce mini, "Na ga ƙoƙarinka. Amma wallahi in ta ƙara ja sau guda a ɗakin ga, ba ni sake shawara da kowa. Ba ni barin tsohuwa ta ƙare rayuwarta tana ramuwar salla saboda mussa."

Ga abin da zan ce wa mai kyanwa a gida. In ka ga tana jan gindi fiye da sau ɗaya ko biyu, ko tana yawan lasar wurin, ɗaga wutsiyar ka duba. Wani lokaci busasshen kashi ne ya manne a gashi, ruwan ɗumi ya isa. In ka ga kamar tsabar shinkafa, ko kumburi, ko ka ji wari, kai ta wurin likitan dabbobi a makon, ko da garin gaba ɗaya zai yi maka dariya. Kada ka ba ta maganin mutane, kada ka ba ta na shanu, kada ka shafa mata abin da kai ma ba za ka jure a wurin ba.

A mako na shida aka cire mazurari, miki ya rufe. Ranar uku ga salla muna zaune a ɗakin Inna bayan azahar, ni da Yaya, da kwanon soyayyen nama a tsakaninmu. Tarumbu ta shigo ta yi miƙa, ta zauna a kan siminti daidai gabanmu. Ta ɗaga ƙafafun baya. Ta ja, kamar taki ɗaya, ta tashi ta haye gado abinta.

Na ga Yaya ya gani, ya ga na gani. Na dakata da taunar naman da ke bakina. Inna ba ta gani ba, amma ta ji hira ta yanke.

"Mi ya faru kunka yi shiru?"

Na buɗe baki ban san abin da zai fito ba. Yaya ya riga ni.

"Ba komi, Inna. Naman ga ne da tauri."

Ya miƙa hannu ya ɗauki buta kamar zai wanke hannu, ya tuntsurar da ita daidai wurin. Ya ce, "Kai, na yi ɓarna," ya jawo tsumma ya durƙusa da sabuwar shaddarsa ya goge simintin tas, ya sake zuba ruwa ya sake gogewa. Inna tana ta faɗan babba da shi bai iya riƙe buta ba.

Da ya rako ni zaure bai dube ni ba. Ya ce, "Rantsuwar da niy yi, ni ka yin kaffararta. Kai dai ka maishe ta wurin likitar ga ta sake dubawa. Kuma in an tambaye ka a layi, kada ka ce ta gidana ce."

Na mayar da ita. Likita ta ce ƙaiƙayin warkewa ne, babu sauran komai. Tana nan Bungudu har yau. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, masu iya faɗin inda ke musu ciwo da waɗanda ba su iyawa.